Taki Mai Rai: 'Yan Kasuwa, Mu San Asalin Haja Kafin Mu Kasa Ta

Duk wanda ke harkar kayan noma a kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Fotokol da Gamboru, zuwa Amcide da Banki, har a gangaro Mubi da Gidar da Pitowa, ya san yadda farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi daga shekarar 2021, ya kuma ƙara hauhawa a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Buhun kamfa da na yuriya suka fi ƙarfin ƙaramin manomi, wanda da can yake sayen buhu uku ya koma awo da kwano. To, duk inda matsi ya samu, nan sabuwar haja take samun ƙofar shiga. Shi ya sa yanzu a shagunan iri da maganin ƙwari ake ganin wasu 'yan ledoji da robobi masu ɗauke da gari ko tsaki, an rubuta musu Turanci ko Faransanci, ana cewa taki ne mai rai, wai cokali kaɗan zai yi wa gona aikin da buhu yake yi.

Ra'ayina game da wannan haja shi ne: ilimin da ke bayanta gaskiya ne, har ma a nan ƙasar Maruwa an gwada shi an ga alamar amfaninsa. Amma sunan da ke jikin leda ba ya gaya wa kowa abin da ke cikinta, kuma binciken da masana suka yi da gwajin DNA cikin shekaru ashirin da 'yan kai ya tabbatar da haka. Saboda haka ɗan kasuwar da ya saro ta ba tare da ya nemi shaidar asalinta da shaidar an gwada ta a irin ƙasarmu ba, ya ɗauki mutuncinsa da amanar manoman da ke sayayya a wurinsa ya sa a caca.

Bari mu fara da sanin mece ce wannan halitta. A cikin ƙasar gona akwai wata irin fumfuna, dangin wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu da kuma naman kaza da ke tsirowa da damina, sai dai ita ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Masana na kiran zamanta da tsiro maikoraiza, sunan da wani Bajamushe mai suna Frank ya raɗa a 1885, ma'anarsa fumfunar saiwa. Takan shiga cikin saiwar shuka ta zauna, sannan ta miƙa wasu siraran zaruruwa cikin ƙasa, waɗanda suka fi gashin saiwa kansa siranta, su ratsa lungunan da saiwa ba ta iya kaiwa, su kwaso sinadarin fosfet da ruwa su kawo wa shukar. Fosfet shi ne harafin P da ke tsakiyar NPK a jikin buhun kamfa, kuma shi ne sinadarin da ƙasarmu ta Sahel ta fi ƙarancinsa. Ita kuma shuka sai ta biya da sukari da mai daga abincin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Fiye da kashi 70 cikin 100 na jinsunan tsirrai na duniya suna wannan hulɗa, ciki har da dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da auduga da rogo. Albasa kuwa, wadda ita ce abin alfaharin Meskin da sauran lambunan kewayen Maruwa, tana cikin waɗanda suka fi dogara da fumfunar, domin saiwarta gajeruwa ce kuma ba ta da yawan gashi. Kabeji da alayyafo su ne ba ruwansu da ita.

Abin da zai burge ɗan kasuwa shi ne, wannan hulɗa ciniki ce sosai. A 2011 wata masaniya ta wata jami'a a birnin Amstadam na ƙasar Holan, Toby Kiers, da abokan aikinta suka nuna cewa shuka takan fi tura sukari ga fumfunar da ta fi kawo mata fosfet, ita ma fumfunar takan fi kai fosfet ga saiwar da ta fi biya da kyau. Wato ko a ƙarƙashin ƙasa ma, mai kyawun haja shi ke riƙe abokin ciniki.

Yanzu mu dawo gida. Babu manomin dawa a Jihar Arewa Mai Nisa da bai san ƙuduji ba, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwar hatsi tana tsotse ta tun kafin ta leƙo sama. Tushe guda yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, waɗanda kan yi fiye da shekara goma a ƙasa suna jiran ranar da za a shuka dawa kusa da su. Wani masani ɗan Kamaru, Venasius Lendzemo, na cibiyar binciken aikin gona ta IRAD da ke Maruwa, ya yi karatun digirinsa na uku a kan wannan matsala a jami'ar Wageningen ta Holan, ya kammala a 2004. Ya gwada fumfunar saiwa a kan dawar gida da ake kira Damugari da kuma S-35, sannan ya fita da gwajin zuwa gonakin dawa da masara a arewacin Kamaru. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa inda aka zuba fumfunar, ƙudujin da ya fito ya ragu ƙwarai, a yawa da kuma a nauyi. Sai dai binciken bai ɓoye ba cewa hatsin da aka girbe bai ƙaru da wani abin a-zo-a-gani ba a waɗannan gwaje-gwaje, shi ya sa masu binciken suka ce fumfunar ɗaya ce daga cikin dabarun da za a haɗa wuri guda a yaƙi ƙuduji.

A wannan shekara ta 2005 ne kuma wasu masana a Japan ƙarƙashin Kohki Akiyama suka gano abin da ya haɗa ƙuduji da fumfuna. Idan shuka ta ji yunwar fosfet, saiwarta kan fitar da wani sinadari cikin ƙasa wanda yake tamkar shela ce ga fumfuna cewa ta zo a yi ciniki. To ashe wannan shela ita ce 'ya'yan ƙuduji ke saurare su farka su tsiro, kamar ɓarawon da ke jin sanarwar ranar kasuwa. Idan fumfuna ta riga ta kama saiwa, shukar ta ƙoshi, sai ta rage shelar, ƙuduji ya yi ta barcinsa. Irin wannan sinadari an fara gano shi ne tun 1966 a Amurka, daga saiwar auduga. Auduga takan tashi 'ya'yan ƙuduji amma ba sa iya rayuwa a jikinta, sai su mutu, wanda hakan ya sa juya gona tsakanin auduga da dawa, kamar yadda manoman yankin kamfanin SODECOTON na Garwa suka saba, yake da hikima a cikinsa.

Ke nan babu mai cewa fumfunar saiwa tatsuniya ce. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tantance wace fumfuna ce a hannunka. Wannan halitta ba ta da ganye ko fure da za a gane ta da su. Abin da masanan da suka gabata ke dubawa shi ne 'yan ƙwayoyin irinta, masu kama da ƙwan kifi amma sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, a duba launinsu da girmansu da kaurin ɓawonsu. Wannan kuwa kamar a ce a gane garin su mutum ne daga tsawonsa da hasken fatarsa. A da can, kakanninmu suna gane Bagobiri da Babarbare da tsagar da ke fuskarsa, makiyayi kuma yana gane saniyarsa a Adumri da shaidar da ke kunnenta ko cinyarta. Alamomin DNA su ne irin wannan tsaga. Kowace halitta tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin ƙwayoyin jikinta, masana kuma sun san wasu gurabe a cikin rubutun inda jinsi ke bambanta da jinsi, da kuma inda zuriya ke bambanta da zuriya a cikin jinsi guda. Sai a ɗebo ɗan guntun saiwa ko ƙasa ko garin da ke cikin leda, a tatso DNA, a ninka wannan gurbi da na'ura har ya isa karantawa, a gwama shi da na waɗanda aka riga aka sani.

Ga misalin da ya isa ya sa kowane ɗan kasuwa ya yi hattara. Fumfunar da aka fi amfani da ita a ɗakunan bincike da masana'antun taki mai rai a duniya wata zuriya ce da aka samo daga lardin Kebek na Kanada. Shekara da shekaru manyan masana suna kiranta Glomus intraradices, suna rubuta littattafai da wannan suna. Sai a 2009 wasu masana a Jamus da Ingila suka duba alamomin DNA ɗinta, suka ga ashe ba ita ba ce sam, wani jinsi ne daban. A 2010 aka sauya mata suna zuwa Rhizophagus irregularis, amma har gobe za ka ga tsohon sunan a jikin ledoji. Idan farfesoshi da madubansu sun yi shekaru suna kiran haja da sunan da ba nata ba, ina ga ni da kai da muke karanta rubutun leda a rumfar kasuwa?

Ko an dace sunan jinsin daidai ne, magana ba ta ƙare ba. Alhaji, idan aka ce maka ga shanu na sayarwa, ai ba za ka biya ba sai ka ga ko Bunaji ne, ko Rahaji, ko Gudali, domin sunansu ɗaya amma nama da nono da juriyar tafiya ba ɗaya ba. Dillalin albasa ma ya san Gudami ta Maruwa da 'yar Galmi ba su zama ɗaya wajen ajiya da farashi. Haka abin yake ga fumfuna. A 2004 masanan jami'ar Lozan ta Suwizalan, ƙarƙashin Ian Sanders, suka ɗebo wannan jinsi daga gona guda ɗaya tak, suka duba DNA, suka tarar da zuriyoyi masu bambanci sosai da juna, wasu na shimfiɗa zare mai yawa, wasu kaɗan, kuma daga baya suka nuna cewa tasirinsu a kan girman shuka ma ba ɗaya ba ne. A 2010 suka ƙara gaba: suka raba ƙwayoyin iri da suka fito daga uwa ɗaya, suka reni kowace daban, suka sa wa shinkafa. Wata ta sa shinkafar ta ninka girma har kusan sau biyar a kan abin da 'yar uwarta ta yi. Da suka fita da irin wannan gwaji zuwa gonakin rogo a Kolombiya da Kenya da Tanzaniya, sai suka ga 'yan gida ɗaya suna ba da amfanin gona mabambanci, kuma wadda ta yi zarra da wani irin rogo a wani wuri ba lallai ta yi zarra da wani irin a wani wurin ba.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, wato yaya wannan halitta take hayayyafa. Burbushinta da aka samu a cikin duwatsu ya nuna cewa ta haura shekara miliyan 400 a doron ƙasa, amma har yau babu wanda ya taɓa ganin namiji da macenta sun haɗu kamar yadda ake gani ga sauran dangoginta. Aka daɗe ana ɗauka cewa kwafin kanta kawai take yi, kamar yadda ake dasa rogo ko rake daga kara. In kuwa haka ne, daga ina bambancin 'ya'yan uwa ɗaya yake fitowa? Wani ɓangare na amsar shi ne, ƙwayar irinta guda tana ɗauke da ɗaruruwan cibiyoyin ajiyar gado, ba guda ɗaya ba kamar yawancin ƙwayoyin jikinmu. A 2009 masanan Lozan suka nuna cewa zaruruwan zuriyoyi biyu mabambanta na iya haɗuwa su zama bututu ɗaya, su yi musanyar abin da ke cikinsu. A 2013 aka karanta rubutun gadon wannan jinsi gaba ɗaya. A 2016 kuma masanan jami'ar Otawa ta Kanada ƙarƙashin Nicolas Corradi suka gano cewa wasu zuriyoyin cibiya iri ɗaya suke ɗauke da ita, wasu kuma iri biyu kamar mai gadon uwa da uba, suka kuma ga wani gurbi a DNA mai kama da wanda ke tsara aure a sauran fumfunoni. Wato akwai alamar ana ɗaurin aure a ɓoye, ko da yake ba a taɓa kama ango da amarya ido da ido ba.

Mai karatu zai ce, to mene ne ruwan mai shago a Kusiri da auren fumfuna? Ruwansa babba ne, ta fuska biyu. Ta farko, halittar da 'ya'yanta ke iya bambanta da ita, dole masana'antar da ke ninka ta ta riƙa bin diddiginta da gwaji, in ba haka ba abin da aka gwada aka yaba shekara biyar da suka wuce ba lallai shi ne ke cikin ledar bana ba. Ta biyu, takin kamfa idan bai yi ba, ruwan sama ya wanke shi an huta, amma halitta mai rai idan ta kama ƙasa ba a kiranta ta dawo. Tana iya zama, ta yi gogayya da fumfunonin da Allah Ya ajiye a ƙasar karal da yashin Diyamare tun fil azal, waɗanda suka saba da zafinmu da dogon raninmu, ko ta cakuɗa da su. Ko hakan alheri ne ko akasinsa, alamomin DNA ne kaɗai za su iya bin sawun baƙuwar a cikin gona su faɗa mana ko ta zauna, ko ta mutu, ko ta kori 'yan gida.

Sai kuma maganar da ta fi kowace zafi, wato ko akwai abu mai rai a cikin ledar ma tukuna. A 2022 aka buga sakamakon wani bincike da masanan Ostareliya da Turai da Amurka suka haɗu suka yi a kan kayayyaki 28 da ake sayarwa da sunan fumfunar saiwa. Da aka zuba su a ƙasar da aka riga aka kashe duk wata halitta da ke cikinta, domin a ga aikin hajar ita kaɗai, kashi 84 cikin 100 ba su kama saiwa ba ko kaɗan. A 2023 masanan jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya suka duba DNA na wasu kayayyakin, suka tarar waɗanda suka jera sunayen jinsuna da yawa a jikin kwali ba su ƙunshi abin da suka faɗa ba, yawanci jinsin nan guda da muka ambata shi ne ya mamaye. Ku lura, waɗannan kaya ne da aka saya a ƙasashen da ke da sanyi da hukumomin sa ido masu ƙarfi. To a ƙiyasta ledar da ta kwana a jirgin ruwa, ta yi makonni a tashar Duwala ko Legas, ta hau bayan tirela, ta zo ta zauna a rumfar kwano a Maruwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wannan fumfuna ba ta iya hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai, ƙwayoyin irinta kuma ƙarfinsu raguwa yake yi da daɗewar ajiya da zafi. Ba gishiri ba ce, ba kuma kanwa ba.

Na san wasu za su ce ɗan kasuwa ba malamin gona ba ne, abin da mai saye ya nema shi zai ba shi, sauran kuma tsakaninsa da gonarsa. Wannan magana ba ta karɓuwa a wurinmu, domin kowa ya san a ƙauyukanmu malamin gona kan yi wata da watanni bai leƙo ba, mai shagon iri shi ne likitan gona, shi ake tambaya me za a zuba, nawa za a zuba. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya sayi leda saboda Alhaji ya ce tana da kyau, ya kuma fasa sayen rabin buhun kamfa saboda ita, in damina ta wuce bai ga komai ba, ba kamfanin da ke wata uwa duniya zai riƙe a zuciya ba, Alhaji zai riƙe. Addininmu ya hana algus, ya kuma hana cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma rashin sani ba ya zama uzuri ga wanda aka faɗakar.

Wasu kuma za su ce gwajin DNA aikin masu kuɗi ne, ƙasashenmu ba su kai nan ba. Wannan ma ya zama tsohon zance. Na'urar da ke ninka DNA irinta ce aka yi ta gwajin cutar korona da ita a 2020 a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na Kamaru da Nijeriya. Muna da IRAD a Maruwa da Garwa, muna da jami'ar Maruwa tun 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022, ga ta Ngaundere da ta Yawunde inda malamai irin su Albert Ngakou da Dieudonné Nwaga suka daɗe suna bincike a kan taki mai rai. A tsallaken iyaka ga jami'ar Maiduguri, da cibiyar IAR ta Samaru a Zariya, da IITA mai reshe a Kano. Masu ilimin suna nan, abin da ya rage shi ne a ba su kayan aiki a kuma ɗora musu nauyin. Sai dai a faɗi gaskiya, gwajin DNA shi kaɗai bai wadatar ba, domin matacciyar ƙwayar iri ma tana ɗauke da DNA ɗinta, kamar yadda gawa ke ɗauke da tsagarta. Shi zai faɗi ko wace ce. Sanin ko tana da rai kuwa sai an shuka dawa ko masara da ita a tukunya, bayan 'yan makonni a tuge a duba saiwar da madubi. Sanin ko tana da riba kuma sai a gona.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan uwana masu wannan sana'a. Duk wanda ya kawo muku wannan haja, ku nemi ganin sunan masana'anta da adireshinta, da ranar da aka yi ta da ranar da za ta lalace, da lambar rajistar hukuma, da adadin ƙwayoyin iri masu rai a kowane giram. Ku tambaye shi a wace gona ta arewacin Kamaru ko arewacin Nijeriya ko Cadi aka gwada ta, a kan wace shuka, wa ya yi gwajin. In ya fara kame-kame, ku bar masa kayansa. In kun saro, ku ajiye ta a inuwa mai sanyi, kada ku shanya ta a gaban rumfa don jan hankalin masu wucewa, kada kuma ku farke leda ku riƙa ƙullawa a ƙananan ledoji yadda ake yi wa maganin ƙwari. Kafin ku zuba jari mai yawa, ku ba manoma biyu ko uku da kuka amince da su, kowa ya raba fili gida biyu, iri ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, gefe guda da hajar, gefe guda babu, a auna da buhu ranar girbi. Masu lambun albasa sun fi kowa sauƙin yin wannan, tun daga fangalin reno. Kuma kada bakinku ya taɓa furta wa manomi cewa wannan leda ta ɗauke masa takin gargajiya ko na zamani. Fumfuna ba ta ƙirƙirar fosfet, wanda ke cikin ƙasa take kwasowa, dillaliya ce, in rumbu babu komai ba abin da za ta kawo.

Ku kuma tuna wa abokan cinikinku cewa gonarsu ba fanko ba ce, akwai fumfunar gida a cikinta, wadda ba a biyan ko sisi a kanta. Abin da take so shi ne taki na dabbobi da tushiyar amfanin gona, da haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, da juya shuka. Abin da ke raunana ta shi ne barin ƙasa tsirara tsawon lokaci, da yawan kaftu mai zurfi da ke tsinka zaruruwanta, da ambaliya wa gona fosfet fiye da kima, domin shukar da ta ƙoshi ba ta neman dillali. Ɗan kasuwar da ya faɗi wannan gaskiya wataƙila ya rasa cinikin leda ɗaya, amma ya sami abokin ciniki na shekara ashirin.

Ga hukumomi kuwa, Kamaru tana da dokar harkar taki tun 2003, Nijeriya ma ta kafa dokar kula da ingancin taki a 2019. Abin da muke roƙo shi ne a sa taki mai rai a ƙarƙashin sa ido na musamman, a riƙa ɗibar samfuri daga kasuwa, ba daga hannun wakilin kamfani ba, a kai ɗakin gwaji, a bayyana sakamakon a rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa yadda kowa zai ji. Tun da haja ba ta san iyaka ba, abin da aka hana a Mubi da safe yana iya kwana a Gidar, ya kamata jami'an ɓangarorin biyu su riƙa musanyar bayani. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoman albasa su ma suna iya haɗa kuɗi su kai samfuri jami'a da kansu, ba sai sun jira gwamnati ba.

Babban buri kuma shi ne a ɗora daga inda aikin Lendzemo ya tsaya. A bi gonakin masakwa na karal, da lambunan Meskin, da gonakin auduga na kwarin Binuwai, a tattara fumfunonin gida, a yi musu rajista da alamomin DNA, a gwada su a kan dawarmu da albasarmu, a zaɓi na ƙwarai a ninka su a nan, inda tafiyar kwana ɗaya za ta kai su gona da ransu. Ranar da aka yi haka, ɗan kasuwar Maruwa zai sayar da haja wadda ya san gidansu, ya san wanda zai kama in ta ƙi aiki, har ya tsallaka da ita Nijeriya da Cadi da alfahari kamar yadda yake tsallakawa da albasa. Kafin wannan rana, mu riƙe tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin talaka da sani ko da ganganci, amin.